Babi na Shida: Kwana 21 a Gaban Ƙumar Ruwa

Duk wanda ya taɓa ganin an zuba Gamalin a tafki ya san yadda guba take aiki in tana gaggawa. Kafin rana ta take, kifi ya taso ciki sama, tarwaɗa da karfasa da 'yan ƙananan da ba su isa ci ba, har da kwaɗi. Ba sai an kira masani ya zo ya ce an yi ɓarna ba. Ido ya gani, bayan kwana biyu hanci ma zai ba da shaida.

Akwai kuma gubar da ba ta kashe komai ranar da ta shiga ruwa. Ruwan yana nan garau, kifi yana ta iyo abinsa. Sai an shekara biyu ko uku masunci ya jefa koma ya jawo ta sakayau, ya ce ruwan ya mutu, alhali bai san ranar da ya fara ciwo ba. Irin wannan gubar ita ce ta fi ba ni tsoro, don ba ta da ranar da za a nuna, ba ta kuma barin gawa. Masu neman kama ta tun kafin ta bar masana'anta sukan zauna mako uku cur a gaban wata halitta da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

Sunanta na kimiyya Daphnia magna. Mu ce dafniya, ko ƙumar ruwa, saboda yadda take tsalle-tsalle a cikin ruwa in ta kaɗa ƙahonninta biyu masu rassa. Da ƙumar kare ba su haɗa komai ba, danginta su ne jatan lande da ƙaguwa. Babbarta takan kai milimita 5. Jikinta garai-garai yake kamar gilashi, in ka sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma za ka ga ido ɗaya baƙi ƙirin a tsakiyar kai, da hanji kore shar saboda gansakukar da ta ci, da zuciya a can wajen gadon baya tana bugawa fiye da sau 200 a minti. Wannan hasken jikin nata ya daɗe yana yi wa ilimi hidima. A 1884 Ilya Mechnikov, masanin Rasha, ya zuba ido yana kallon yadda ƙwayoyin jinin dafniya suke kewaye wata ƙwayar cuta mai kama da allura suna haɗiye ta, kuma wannan yana cikin aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1908.

Abin da ya sa masu gwajin guba suka riƙe ta shi ne haihuwarta. In ruwa ya yi mata daɗi, ba ta neman namiji. Ƙwai yakan zubo cikin wata jaka a bayanta, ya ƙyanƙyashe a nan, in ta saɓe ɓawonta sai ta sako 'ya'yan suna iyo. Dukansu mata ne, kuma kowace kwafin uwarta ce. A ruwa mai ɗumin digiri 20 takan yi haihuwar fari tana da kwana takwas zuwa goma, daga nan kusan duk bayan kwana uku sai ta sake. Ke nan cikin mako uku mutum zai ga yarinta da balaga da haihuwa huɗu ko biyar. Da yake kuma duk jininsu ɗaya ne, in ɗaya ta haifi ɗari wata ta haifi arba'in, ba za a ce gado ne ya raba su ba. Sai a dubi ruwan da kowace take ciki.

Tun a shekarun 1940 wani masani a Amurka, Bertil Anderson, ya riƙa gwada dattin masana'antu a kan dafniya. Tambayar wancan lokaci mai sauƙi ce: nawa za a zuba ta mutu? Har yau ana yin wannan gwajin, awa 48 ne, a ƙarshe a girgiza kofi a ga wadda ta kasa iyo cikin daƙiƙa 15, a ƙidaya ta cikin waɗanda guba ta kayar. A 1972 sai wasu masana biyu a Duluth, Biesinger da Christensen, suka buga sakamakon wani aiki na daban. Sun raini dafniya mako uku a ruwan tafkin Superior da suka sa wa ƙarafa iri-iri, suka riƙa ƙidayar 'ya'ya. Suka tarar haihuwa tana raguwa a ma'aunin da bai kai na kisa ba. Game da kadmiyom, ƙasa da maikirogiram ɗaya a lita ya isa.

Ya kamata mu tsaya kan wannan ma'auni, don zai yi ta dawowa. Maikirogiram ɗaya a lita daidai yake da giram ɗaya a cikin lita miliyan. Ka ɗauki jarkar mai ruwa, mai cin lita 25, ka jera dubu 40, sannan ka raba musu abin da bai cika kan ƙaramin cokali ba. Harshe ba zai ji shi ba, ido ba zai gan shi ba.

Yau tsarin wannan gwaji a rubuce yake, dalla-dalla. Ƙungiyar OECD mai hedikwata a Faris ita ta fitar da shi a 1998 a matsayin ƙa'ida mai lamba 211, aka kuma yi masa gyara a 2008 da 2012. Amfanin rubuta shi haka shi ne, abin da aka auna a Jamus mai ba da lasisi a Japan ya karɓa ba tare da an sake ba. Ana farawa da jariran da ba su cika awa 24 ba, kuma ba na haihuwar fari ba, don 'yan fari sukan zo da rauni. Ana dama sinadarin a ƙarfi aƙalla biyar, daga mai tsarri zuwa mai kauri, kowane mataki kada ya ninka na ƙasansa fiye da sau 3.2. A kowane mataki dafniya goma, kowace ita kaɗai a kofinta mai ruwa mililita 50 zuwa 100. Sai wasu goma a ruwa mai tsabta da ba a sa wa komai ba, su ne ma'auni. Fitila awa 16, duhu awa 8. Ɗumi tsakanin digiri 18 da 22. Abincinsu gansakuka mai ƙwaya ɗaya, irin su Chlorella, a auna shi daidai kullum, don yunwa ma tana rage haihuwa, ƙoshi fiye da kima kuma yana iya rufe aibin guba.

A takarda abin kamar ba wuya. Na zauna na yi shi da hannuna lokacin ina ɗalibi, a wani ɗakin gwaji da sanyinsa yakan sa mutum ya nemi rigar sanyi ana tsakiyar bazara. Kofuna sittin a jere, kowane da lambarsa. Da safe sai ka ɗauko na farko ka ɗora kan akwatin fitila, ka tsotso uwar da bututun gilashi mai faɗin baki, a hankali, ka sake ta ƙarƙashin sabon ruwa. In ka sake ta a sama, iska takan shiga ƙarƙashin ɓawonta ta maƙale a fuskar ruwa tana juyi, ta kasa nitsewa. Daga nan ka koma kan tsohon kofin, inda 'yan jarirai kamar ƙurar gari suke ta tsalle. Ka tsotse su ɗaya-ɗaya kana ƙidaya a zuci, ashirin da uku, ashirin da huɗu, wata ta ɓuya a gefen gilashi inda haske ya karye. Ka duba ƙasan kofi ko akwai matattun 'ya'ya ko ƙwan da aka ɓarar, ka rubuta su a wani layi daban. Ruwan kuwa sau uku a mako ake sauya shi, aƙalla. Babu Asabar babu Lahadi, don ita ba ta san da su ba.

Gwajina na farko ya lalace a kwana na goma sha huɗu. Uku daga cikin goman da ke ruwa mai tsabta suka mutu. Ƙa'ida ta ce in mutuwa ta wuce kashi 20 cikin ɗari a wannan layin, ko kuma matsakaicin abin da kowace uwa ta haifa bai kai 60 ba a ƙarshen kwana 21, to a zubar da komai a sake. Na ji ciwon abin ƙwarai. Da aka bi sawu sai aka ga kofunan ne ba a ɗauraye su da kyau ba bayan an wanke su da sabulu. Daga baya na ga hikimar dokar. In waɗanda ba a ba guba ba suna mutuwa, da wane baki za ka ce guba ce ta kashe sauran? Na kuma koyi wani abu da littafi bai koya mini ba, cewa ragowar kumfar da idona bai gani ba ta isa ta kashe rai.

A gwaji na biyu na ga abin da ake nema. Mako na farko duk kofunan kamar ɗaya. A kwana na tara layin ruwa mai tsabta ya cika da jarirai, layin mataki na huɗu na sinadarin kuwa shiru. Iyayen suna nan da ransu, suna iyo, suna ci. Sai kwana na goma sha ɗaya suka haihu, 'ya'yan kuma ba yawa. Da na ɗaga ɗaya a gaban fitila, jakar bayanta da ya kamata ta cika maƙil, ƙwai shida ne a ciki, ita kanta kuma ta fi sa'o'inta ƙanƙanta. Da gwajin awa 48 aka yi wa wannan ma'aunin, da an rubuta cewa ba ya cutarwa.

To mene ne a ciki in ƙumar ruwa ta rage haihuwa? A tafki ana cin ta kullum. Ɗan kifin da ya ƙyanƙyashe bakinsa bai iya ɗaukar komai sai irinta, tsutsar mazari tana cin ta, ƙwarin ruwa suna cin ta. Abin da ya hana ta ƙarewa shi ne tana haihuwa fiye da yadda ake cin ta. In aka zaftare kashi uku cikin goma na haihuwar, aka kuma jinkirta ta da kwana biyu, masu ci ba za su rage ci ba. A hankali sai lissafin ya juye. Ita ce kuma mai tace ruwa, in ta yi ƙaranci gansakuka ta samu sarari, ruwa ya yi kore ya yi kauri. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A ƙarshen mako uku lambobi ake fitarwa. Ɗaya ita ce ma'auni mafi girma da ba a ga bambancinsa da ruwa mai tsabta ba. Wannan lambar tana da rauni, don ta dogara da matakan da mai gwaji ya zaɓa, kuma in aikinsa ya yi hargitsi bambanci yakan ɓace, sinadarin ya fito kamar mai sauƙi. Shi ya sa masana da yawa suka fi son a zana layi ta cikin dukkan sakamakon a ciro ma'aunin da ke rage haihuwa da kashi 10 cikin ɗari. Ni ma ina tare da su. Daga nan hukuma takan raba lambar don ta bar rata. A tsarin Tarayyar Turai, in gajeren gwaji kawai ake da shi a kan gansakuka da dafniya da kifi, akan raba da 1000. In akwai dogon gwaji a kan dukan ukun, sai a raba da 10 kacal. Dokarsu ta sinadarai, REACH, wadda ta fara aiki a 2007, tana neman gajeren gwaji daga tan ɗaya a shekara, dogon kuma sai an kai tan 100.

Duk da ƙaunar da nake yi wa wannan gwaji, dole in faɗi inda ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce.

A farkon shekarun 1990 wani sabon maganin ƙwari ya shigo kasuwa, imidakulofirid, na farkon wani dangi da ake kira niyonikotinoyid. Yana narkewa a ruwa, shuka tana shan sa ta saiwa ya bi jikinta, don haka akan shafa shi a jikin iri tun kafin shuka. An gwada shi a kan dafniya, ta jure. Sai an kai gomman miligiram a lita take faɗuwa a gajeren gwaji, a dogon ma sai an haura miligiram ɗaya. Aka ɗauka ba shi da wani hatsari ga ƙananan halittun ruwa. Ashe ita ce kawai jijiyoyinta ba su cika kama shi ba. A 2013 masu bincike a Wageningen ta ƙasar Holan, Ivo Roessink da abokan aikinsa, suka gwada shi kwana 28 a kan tsutsar wani ƙwaro mai fiffike, irin wanda ke yin watanni a ruwa ya fito ya yi kwana ɗaya ko biyu a sarari ya mutu. Ga jinsin Cloeon dipterum, wajen maikirogiram 0.03 a lita ya isa ya fara nakasa su. Tsakanin juriyarsa da ta dafniya, ninki dubu goma ya yi kaɗan. Sun kuma ga cewa gwargwadon daɗewar tsutsar a ruwan, gwargwadon ƙanƙantar ma'aunin da zai kayar da ita, don maganin in ya kama jijiyar ƙwaro ba ya saki da wuri.

Shekara guda bayan haka, a 2014, Caspar Hallmann da abokansa suka buga a mujallar Nature cewa a yankunan Holan inda maganin ya wuce nanogiram 20 a litar ruwa, tsuntsaye masu cin ƙwari suna raguwa da kimanin kashi 3.5 cikin ɗari duk shekara. A Japan kuma akwai tafkin Shinji a lardin Shimane, mai ruwa ɗan gishiri-gishiri, da gonakin shinkafa kewaye da shi. An fara amfani da maganin a gonakin a 1993. Masumi Yamamuro ta Jami'ar Tokyo da abokan aikinta sun bi bayanan shekaru da dama, suka buga a mujallar Science a 2019 cewa tun daga wannan shekarar ƙananan halittun da ke yawo a ruwan suka ragu da kashi 83 cikin ɗari a lokacin bazara, kamun wani ƙaramin kifi da suke kira wakasagi kuma ya faɗo daga tan 240 zuwa 22. Ma'aunin da ke cikin ruwan bai isa ya kashe kifi ba. Abincinsa ne ya ƙare. Akwai masu ja da cewa haɗuwar lokaci ba hujja ba ce, kuma tafki ba kofi ba ne da za a ce abu ɗaya ne ya sauya a cikinsa. Wannan gaskiya ne. Amma wani kifin tafkin da ke cin gansakuka bai faɗi tare da su ba, kuma wannan ya sa na karkata ga bayanin Yamamuro.

Dafniya ba ta yi ƙarya ba, ta ba da amsa ce a kan kanta. Kuskuren na waɗanda suka ɗauki amsar halitta ɗaya suka yafa wa dubbai ne. An yi gyara. Yanzu a Turai maganin ƙwari sai an gwada shi a kan wata halittar bayan dafniya, galibi jar tsutsar laka ta Chironomus, wadda ke zama ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo. Ita kwana 28 ake ba ta a kofi mai laka a ƙasa, a ƙidaya nawa suka yi fiffike suka fito. A 2016 OECD ta ƙara gwaji biyu na haihuwar katantanwar ruwa, don akwai sinadaran da ke rikita jikin katantanwa su bar sauran lafiya.

Akwai wani giɓin da ya fi kusa da mu. Digiri 20 ba ɗumin ruwanmu ba ne. Kududdufi a Haɗeja ko Maraɗi a watan Afrilu yakan wuce 30, kuma a zafi jikin halitta yana aiki da sauri, iskar da ke cikin ruwa tana raguwa, wani sinadarin ya ruɓe da wuri, wani ya fi shiga jiki. Ita kanta Daphnia magna ba 'yar ƙasashen zafi ba ce. Tafkunanmu na damina kuma sukan ƙafe, abin da ke ciki yana ƙara kauri kullum ruwa ya ja baya. Amma lambar da ke cikin takardun maganin da manomi ya saya a kasuwa ya wanke famfonsa a bakin fadama, daga kofi mai sanyi a Turai ta fito.

An taɓa yin aikin auna guba a kan halittun ruwan yankinmu, kuma ya yi kyau. Shirin yaƙi da makantar kogi na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya gudana daga 1974 zuwa 2002, Nijar da Ghana suna cikin ƙasashe bakwai da aka fara da su, ya riƙa zuba maganin temefos daga jirgin sama a kogunan Afirka ta Yamma duk mako don kashe tsutsar baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar. Tun farko aka kafa kwamitin masana mai zaman kansa, aka riƙa ɗibar kifi da ƙwarin ƙarƙashin duwatsu shekara da shekaru ana ƙidaya, magungunan da suka fi zafi kuma aka taƙaita yawan makonnin da za a zuba su a shekara. A Senegal, bayan annobar farin dango ta ƙarshen shekarun 1980, shirin Locustox na hukumar FAO ya gwada magungunan fara a kan halittun tafkunan Sahel na ainihi, wani ɗan jatan lande mai iyo a rigingine, Streptocephalus sudanicus, da wani ƙwaron ruwa, Anisops sardeus.

Muna kuma da tamu ƙumar ruwan. Ana kiran ta Moina, ta fi dafniya ƙanƙanta, tana son zafi, kuma masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun san ta sarai, don da ita wasu suke ciyar da 'yan kifi a kwanakin farko. Na taɓa tsayawa a bakin tankin siminti na wani mai wannan sana'a a bayan gari. Ya sa wa ruwan kashin kaji ya yi kore, ya zura rariya mai laushi ya ɗago, sai ga wani abu ja-ja kamar kunun kanwa yana motsi a ƙasanta. Ya ce mini, "Malam, in ka ga sun yi wannan ja, lafiya lau. Amma akwai lokacin da na ɗebo ruwa daga rafin can bayan masu lambu sun yi feshi. Ba su mutu ba fa. Suna nan. Sai dai tankin ya ƙi cika, mako biyu ina jira." Na tambaye shi ko ya san maganin da aka fesa. Ya ce masu lambun da kansu gauraya suke yi, biyu ko uku a famfo ɗaya.

A ruwa mai ɗumi Moina takan fara haihuwa cikin kwana kaɗan, don haka ba sai an jira mako uku ba. A Amurka ma tun 1984 Donald Mount da Teresa Norberg suka tsara gwajin kwana bakwai da wata 'yar uwarta, Ceriodaphnia, inda ake ƙidayar haihuwa uku, kuma da shi hukumar kare muhallinsu take auna ruwan da masana'antu ke sakowa. Kayan aikin kofuna ne, da fitila, da gansakuka, da bututun gilashi, da mutumin da zai zo kowace safiya ya ƙidaya. Ruwan Challawa a ƙasan inda majemu suke sako nasu, da na magudanan Kadawa a lokacin feshin tumatir, duk ana iya ɗebo su a jarka a kai su ɗakin gwaji a yini ɗaya.